Wuƙar Baba Tana Cin Gefen Hagu

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da 'yar tamu da Inna ta laƙaba wa Mai Kumatu tun ranar da ta ga hotonta. Allah ya raya mana ita, ya tsare ku a inda kuke, ya sa aikin da ya kai ka can ya zame maka alheri. Mu nan lafiya ƙalau, sai godiya. Inna tana fama da gwiwarta kamar yadda ka sani, amma ka ce ta zauna ka ja wa kanka faɗa. Gwaggo ta zo ta yi mana sati biyu, ta sake wa kowane abu wuri a kicin, har yau muna neman abin tace shayi. Kawu yana riƙe da shagonmu na buga takardu, ya ƙara ƙiba, ya kuma ƙara yawan magana. Dogo mai inji ya yi jika, kwana uku yana murmushi shi kaɗai a bakin aiki.

Sai maganar Baba, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Idon hagun da aka yi wa aiki bara bai dawo ba. Na daman ne ya rage, shi ma yana ja baya. Ba ya iya karatu, ba ya ganin lambobin rula, amma yana bambance launi, kuma in mutum ya tsaya kusa da taga yana gane fuskarsa. Likita ya sa ranar sha tara ga watan gobe don a yi wa na daman aiki. Na tambaye shi a keɓe ko zai gani bayan haka, ya ce suna sa rai, sai dai ba zai yi mini alkawarin da ba a hannunsa yake ba. Wannan ita ce rana ta biyu da nake so ka riƙe. Ta farkon ta fi kusa: ƙarshen wannan wata zan rufe mabuɗinka na shiga manhajar shago, kuma da shi ne kaɗai muke jin motsinka yanzu. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ka yi haƙuri da tsawonta, wata goma sha biyar ke nan ina tara magana.

Bari in faro daga farko, don ka ga yadda abin ya kasance ta ɓangarenmu. Ka tuna manhajar da ka rubuta wa shago shekara takwas da suka wuce, kana zaune a kan kwalin takarda saboda kujera ɗaya ce kuma ta Baba ce? Har yau ita ke ciyar da mu. Makaranta ta aiko da jerin sunayen yara, manhajar ta zuba su cikin samfuri, wato takardar nan mai gurabe, ta fitar da katin sakamako ko takardar shaida, Dogo ya buga. Ban taɓa leƙa cikinta sosai ba sai da muka canja lambar wayar shago. Na zaci wuri ɗaya zan gyara. Yaya, wuri arba'in da uku! Ashe duk makarantar da ta zo, sai ka kwafi samfurin da ya gabata ka liƙa, ka canja launi da tambari, ka ba shi sabuwar lamba, ka miƙe abinka. Kai ne fa ka sa mini suna 'Yar Kwafi don kawai ina kwaikwayon rubutunka muna yara, har Inna ta manta sunana na gaskiya. Yanzu da na ga cikin aikinka, ina neman a zauna a sake duba wanda sunan ya fi dacewa da shi. Na gyara arba'in da ɗaya, biyu suka ɓace mini, muka buga kati ɗari huɗu da lambar da ba ta aiki. Kawu bai yi mini faɗa ba, sai dai ya riƙa ɗaga kati ɗaya yana kallo yana ajiyar zuciya har aka tashi.

Ranar na ɗaura niyyar share gidan gaba ɗaya. Sharaɗin da na sa wa kaina shi ne abin da ke fitowa a takarda kada ya canja ko da ɗigo, ciki kawai za a sake wa fasali. Na ƙera samfuri guda ɗaya na kira shi uwa. A jikinta kan takarda yake, da adireshi, da yadda ake rubuta kwanan wata, da dabarar nan ta rage girman dogon suna don ya shiga gurbinsa. Sauran arba'in da ukun suka zama 'ya'ya, kowanne layi goma ko sha biyu, yana gadon komai daga uwa, yana faɗin abin da ya bambanta shi kawai. Dabarar rage suna kaɗai na same ta iri goma sha ɗaya, kowacce da halinta, kamar ba mutum ɗaya ya haife su ba. Wata biyu ina wannan aiki da safe kafin mutane su fara shigowa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne 'yan bayanan da kake bari a gefen layi. A wani wuri ka rubuta cewa wannan shirme ne, gobe za ka gyara. Goben ta shekara takwas. A wani ka roƙi duk wanda ya karanta ya yafe maka. A samfuri na ashirin da shida kuwa, a tsakiyar wani aiki da ba ka ƙarasa ba, ka rubuta: "Inna na kira, zan dawo." Na daɗe ina kallon layin nan. Na san ma ranar, don na tuna ka fita da gudu takalmi ɗaya a ƙafa. Aikin sharar gida ya ce in goge su duka tunda layukan da suke bayani a kai sun tafi, amma hannuna ya ƙi. Na kwashe su na zuba a fayil guda na sa masa suna maganganun Yaya. Ba ya yin aikin komai a manhajar, ni ce nake buɗe shi in shago ya yi shiru.

Da yake na san halina na mantuwa, kafin in taɓa komai na kafa gwaji mai gudanar da kansa. Na ƙirƙiri sunaye ɗari biyu na ƙarya, dogaye da gajeru, na sa tsohuwar manhajarka ta fitar da kowane kati, na adana su a matsayin ma'auni. Duk lokacin da na yi gyara, da kuma kullum ƙarfe shida na safe, kwamfuta tana sake fitar da katunan da sabon tsari, ta ɗora sabo a kan tsoho ta duba ko sun yi daidai, kamar yadda Baba yake haɗa takarda biyu ya ɗaga su a taga. Na ɗauko tsohon allon kwamfutar nan da ke sito na rataye a bango sama da kantar shago. In komai ya yi daidai, allon gaba ɗaya ya zama kore. In abu ɗaya ya kauce, ya zama ja. Na yi shi don kaina ne, amma Baba ya fi kowa son sa, don shi ne kaɗai abin da yake iya karantawa a shagon yanzu. Kullum shi ne farkon shiga, ya ɗaga kai, ya sanar da launi da ƙarfi kamar mai karanta labarai.

Ɗaya bayan ɗaya suka zama kore, sai na goma sha bakwai, ƙaramin katin makarantar firamaren nan mai layi kewaye da shi. Gwaji ya ce tsohon katinka ya matsa dama da milimita biyu, nawa kuwa yana tsakiya cif. Na bi sawu na samo lambar biyun a ɓoye cikin wani fayil, ba bayani ba komai. Duk surutunka a gefen layi, a nan inda ake buƙata ka yi gum. Na ce a raina wannan kuskuren Yaya ne, nawa ne daidai, ma'aunin zan canja ya bi nawa. Ban san abin da ya riƙe hannuna ba. Wataƙila don ban saba ganin ka yi kuskure a awo ba, ko da kana yi a komai. Na bar shi ja kwana tara ina ta wasu ayyuka, ga kati ɗari tara na makarantar suna jiran bugu, Baba kuma kullum yana shigowa yana cewa har yanzu ja ne, wai me na ɓata.

A safiya ta goma ina kulle ƙofar mota na ji muryarsa daga ciki yana cewa kore. Na ce masa ba zai yiwu ba, ban taɓa komai ba, wataƙila hasken rana ne ya buga allon. Ya ce idonsa ne ya mutu, ba hankalinsa ba. Na buɗe tarihin gyare-gyare, sai ga sunanka. Ka shiga da tsohon mabuɗinka, ka mayar da milimita biyun, ka bar layi biyu: "Wannan katin a tsohuwar wuƙar Baba ake yanka shi, tana cin biyu ta hagu. Mayar da su, 'Yar Kwafi." Da na bi son raina, da an aske layin gefen hagu a kati ɗari tara. Amma ba katin ne ya dame ni a lokacin ba. Wata goma sha biyar ba kira, ba saƙo, sai Anti ce ke cewa kana lafiya aiki ne ya yi yawa, sai ga ka a tsakiyar shago kana kirana da sunan tsokana. Na shige sito na zauna a kan kwali na yi kuka mai isata. Dogo, Allah ya saka masa, ya kunna babban inji ba tare da ya sa takarda ba, don kada a ji ni.

Da na share fuska na zauna neman yadda aka yi ka sani. Ban sha wahala ba. Lokacin da nake kafa gwajin, akwai gurbin da ake sa adireshin wanda za a sanar in abu ya lalace. Ni kuwa na kwafo saitin daga wani tsohon fayil naka na liƙa, ban karanta ba. Tsohon adireshinka ne a ciki, wanda duk muka ɗauka ka daina buɗewa. Na ƙirga, saƙo hamsin da takwas kwamfuta ta aika maka, kowane tuntuɓe da na yi a wata biyu kana gani. Ka ga ranar da na ɓata kwanan wata a samfuri talatin a lokaci guda. Ka ga ranar da na sa tambarin wata makaranta a kife. Kunya ta kama ni, daga baya dariya ta zo. To na janye ƙarata, sunan nawa ne, na riƙe.

A ranar na rubuta maka saƙo kai tsaye zuwa adireshin, dogo, da gaisuwa da komai. Ba ka amsa ba. Na sake, shiru. Sai na gaya wa Baba duk abin da ya faru. Ya tashi yana lalube ya je wajen tsohuwar wuƙar yankan takarda ya ɗora hannu a kanta. Can ya tambaye ni yadda na'urar take sanar da kai. Na ce in abu ya lalace ne kawai take aikawa, in komai lafiya ba ta cewa uffan. Ya ce to in lalata wani abu mana. Yaya, mutumin da ya kori ma'aikaci saboda ya bar ɗigon tawada a gefen takarda, shi ne yake ce mini in ɓata aiki da gangan. Na cire alama ɗaya daga samfuri na biyar. Washegari da safe ta koma wurinta, allo kore, Baba ya sha shayinsa har kofi biyu.

Haka muka yi sau huɗu. Ni in ɓata da rana, kai ka gyara kafin gari ya waye mana, ba ka cewa komai. Baba har ya fara ba ni shawarar abin da zan ɓata, wai in zaɓi mai ɗan wuya don ka daɗe a ciki. A karo na biyar ka rubuta cewa ka san da gangan nake yi, sannan ka tambaya yaya idonsa. Na karanta masa. Ya sa na maimaita sau uku, ya ce in duba da kyau ko akwai wani abu a ƙasa. Babu. Na sa amsar a cikin saƙon da gwaji ke aikawa in ya faɗi, tunda nan ne kake karantawa: na hagu ya tafi, na dama yana jira. Bayan wannan ka yi kwana biyu ba ka taɓa komai ba. Kwana biyun nan Baba ya jawo kujera ya zauna a ƙarƙashin jan allo tun safe har a tashi, mutane suna shigowa suna gaishe shi yana amsawa da rabin baki. A rana ta uku ka gyara, ba tare da kalma ko ɗaya ba. A nan na gane wasan nan ya fara cin sa.

Ya fara cin aikin ma. A cikin kwanakin Kawu ya ga ja ya tambaye ni, na ce masa ya rabu da shi, namu ne na gida. Ashe a bayan wanda na ɓata da gangan akwai na gaske, shekarar da ke jikin takardar shaidar wata makaranta ta koma ta bara. Dogo ne ya gani a takarda ta farko da ta fito daga inji, ya tsayar. Na kafa gwaji don ya gaya mini gaskiya, ni kuma na koya wa kowa a shagon ya daina yarda da shi. Tun ranar na daina. Sannan ga makarantu sun kawo sabon sharaɗi, cewa sunayen yaransu kada kowa ya iya gani sai wanda yake aiki a shagon, Kawu ya sa hannu. Ban yi musu ba, don gaskiyarsu ce, ni ma da 'yata ce haka zan so. Saboda haka ƙarshen wata zan cire mabuɗinka, in cire adireshinka daga gurbin sanarwa. Na'ura ba za ta sake rubuta maka ba.

Na yi ta tunanin me ya sa kake amsa wa na'ura ba ka amsa mana. Ina jin na gane. Ita ba ta tambayarka me ya hana ka zuwa. Ba ta da murya irin ta Inna. Tana cewa ga abin da ya lalace, kai kuma ka gyara, shi ke nan ba kunya a tsakani. Na san abin da ya tsaya maka a rai. Ka yi alkawarin zuwa aikin idon Baba na farko, wurin aikinka suka hana ka hutu, ka kira ana gobe za a shiga da shi. Ina tsaye a wurin lokacin da ya ce maka ba sai ka zo ba, ya miƙa wa Inna wayar. Kai ka ji wannan kawai. Ba ka ga ɗakinka da ya sa aka yi wa fenti sati guda kafin nan ba, ko fankar da ya sa Dogo ya gyara, ko yadda da safe a asibiti ya riƙa ce wa ma'aikaciyar jinya a ɗan jira tukuna, bai faɗi wanda ake jira ba. Makon jiya, muna mu biyu a shago, ya ce mini ya faɗi maganar ne don in ya buɗe baki ya faɗi wata, zai yi kuka a gaban Kawu, shi kuma ƙaninsa bai taɓa ganin hawayensa ba. Bai ce in gaya maka ba. Bai kuma ce kada in gaya maka ba, ka san Baba, in ba ya son magana ta fita yana faɗa.

Ni kuma nawa ba shi da wani dogon bayani. Ina kewarka, Yaya. Ina kewar fiton da kake yi da baki in abu ya yi aiki, da yadda kake cinye abin da na ajiye a firji ka rantse ba kai ba ne. Kofinka mai karyayyen hannu yana nan, alƙaluma muke zubawa a ciki. Wata biyu na yi ina zaune cikin rubutunka, ina jin yadda kake tunani, ina faɗa da kai a raina, wani lokaci har a fili sai Dogo ya leƙo ya ga da wa nake. Ranar da na goge samfuri na ƙarshe cikin tsofaffin arba'in da ukun, aikin ya yi kyau, ko kai ka gani za ka yaba, amma na ji kamar na kwashe kayanka daga ɗaki. Yanzu in an canja lambar waya wuri ɗaya ake taɓawa. Ba wanda zai sake shan wahalar da na sha, ba kuma wanda zai sake cin karo da kai a tsakiyar layi.

Ban ce ka bar aikinka ba, ban ce ka zo da wani abu a hannu ba. In zuwan ya gagara, ka kira, ko minti biyu ne, ko ba ka da abin faɗa. Ka tambaye shi labarin inji, shi zai cika sauran. Amma in da hali, ka zo kafin sha tara, ka tsaya masa kusa da taga. Ka zo da Mai Kumatu in zai yiwu, don hotonta da muke nuna masa a waya ba ya ganin komai a ciki sai haske, yana dai cewa ma sha Allah don kada ran Inna ya ɓaci.

Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana wasa da karin kumallo. Kawu yana gaisuwa, haka Gwaggo da 'ya'yanta, da Dogo da ya ce in gaya maka jikan namiji ne. Ka miƙa gaisuwata ga Anti, ka ce na gode da saƙonninta, ita ce ta ba ni adireshin gidanku, kada ka yi mata faɗa. Ka sumbaci Mai Kumatu a kumatun nan, ka ce gwaggonta ce ta aiko. Mai kawo mana takarda zai bi ta garinku jibi, a hannunsa zan ba da wannan.

Saura abu ɗaya, shi ne saƙon Baba, kuma ya sa na yi alkawarin zan rubuta shi yadda ya faɗa. Da na ce masa zan yi maka wasiƙa, ya ce kada in yi ta a waya, in yi ta a takardar shago, shi zai yanka. Ya tsaya a gaban tsohuwar wuƙa, ya jera takardun da lalube, ya sauke hannun wuƙar da kansa, sannan ya bi gefen da yatsa. Ya ce in gaya maka tun da aka wasa ta bayan tafiyarka ba biyu take ci ba, ta kusa uku. Ya daɗe da sani, shi ya sa Dogo ke saƙala ɗan kwali a jikin madogarar da ake jingina takarda a wuƙar duk ranar da za a yanka katin nan. Gwajina bai taɓa gani ba kuma ba zai gani ba, don shi hoto yake ɗorawa a kan hoto, bai san wuƙa ba. Na ce to bari in mayar da lambar uku, aikin minti ɗaya ne. Ya ce kada in kuskura. Ya ce shi ba ya ganin rula, ni kuma ban iya awo ba, wanda ya auna ta da farko shi zai zo ya sake aunawa.

Na bar ta biyu, Yaya. Allo kore ne, kwalin yana nan a saƙale. Ka shafa gefen hagu na takardar da ke hannunka, za ka ji.

Wassalam.

Ƙanwarka mai kewarka,
'Yar Kwafi